Kada A Taɓa Shi Sai Na Iso

Tun da na dawo daga Malanbil ba ku bar ni na sha ruwa da daɗi ba. In na zauna bakin shago, Malam Isa zai ajiye butar shayinsa ya ce, "To Hamidu, yaya ƙasar Faransi?" In na fito masallaci, Bello Direba zai tare ni yana tambayar ko gaskiya ne mata ke tuƙa babur a can. Kowa nakan ba shi "lafiya lau" in wuce, har kun fara cewa na leƙa ƙasar waje na dawo da girman kai. Ba girman kai ba ne. Labarin ne ba na bakin shago ba, don in na fara shi ana zuba shayi ana shewa, ba zan iya kai shi ƙarshe ba. Shi ya sa na rubuta. Wanda ya karanta ya miƙa wa na kusa da shi, kuma don Allah kada a sake tambayata.

Manyan cikinku sun san Nuhu. Ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, shekara tara na ba shi, kuma tun rasuwar mahaifinmu ni ne uba gare shi, ko in ce haka nake son a riƙa faɗi. Ya bar Jega yana saurayi ya bi fataucin albasa, ya zauna Malanbil, garin da ke bakin Kwara ta gefen Benin. Nuhu da kunne yake cin abinci. Yana jin Dandanci da Zabarmanci da Faransancin kasuwa ban da Hausarsa, sai ya tsaya tsakanin manomi da mai saye ya haɗa ciniki kowa ya tafi yana murna. A can ya auri wata 'yar Dandawa mai suna Safura, mutuniyar wani ƙauye da ake kira Garu. Ban je bikin ba, don na so ya dawo ya auri 'yar gida. Shekara bakwai ke nan kafin wannan tafiya, ban taɓa taka ƙasar ba.

Ranar Talata ce da hantsi, tsakiyar bazara, lokacin da ƙarfen keken ɗinki ke ƙona hannu tun kafin azahar. Ina cikin yankan wata shadda, mutum uku na zaune a benci suna jiran ɗinkinsu, sai waya ta yi ƙara. Alhaji Saini ne, mutumin Gaya ta Nijar, babban dillalin albasa wanda Nuhu ke ƙarƙashinsa.

"Malam Hamidu, ɗan'uwanka ba shi lahiya. Tun jiya kai ke mishi ciwo, jiki awa wuta, wuya ya ƙage, ko haske ba shi son gani. Mun kawo shi gidan likita. Lokotoro ya ce sai an soka mishi allura ga gadon baya an ɗebo ruwa. Ni ko na ce shina da wa, ba mu yin komi sai mun ji ta bakinka."

Ina jin an ce gadon baya sai Kawu Ladan ya faɗo mini a rai. Muna yara aka kai shi asibitin birni da ƙafafunsa, aka ɗebi ruwan bayansa, aka dawo da shi a kan tabarma, bai sake tsayuwa ba har ya bar duniya. Da wannan labari muka tashi a gidanmu. To amma tunda na yi niyyar faɗin gaskiya, ba tsoron kaɗai ba ne ya motsa a cikina. Daɗi na ji. Ga babban Alhaji a wata ƙasa ya tsaya cak yana jiran maganar tela, ga mutane uku a benci sun kasa kunne. Na ɗaga murya yadda za su ji.

"Kada a taɓa shi sai na iso!"

"Ko mi, Malam?"

"Ko mi. Kada kowa shi taɓa shi."

"An gama," in ji Alhaji.

Daga Jega zuwa Malanbil ba ta fi tafiyar yini ɗaya ba, Bello shaida ne. Da na ajiye almakashi na nufi tasha, da na yi la'asar a can. Ban tashi ba. Na ce a raina zazzaɓin sauro ne aka kambama, kuma ba zan bayyana gaban surukan ƙanena karon farko kamar wanda aka koro ba. Na kai babbar rigata wajen masu bugu, na shiga kasuwa na sayi goro da turare da kilishi, na dawo na zauna na ɗinka wa Rabi, 'yar Nuhu, wata 'yar riga mai fure a wuya. A hoto kawai na san yarinyar.

Ina wannan ɗinki wata baƙuwar lamba ta ƙasar Benin ta kira ni har sau uku. In na ɗauka sai in ji shiru, sai numfashin mutum, sai a kashe. A na ukun na zage mai kiran tas, na ce in ba shi da aikin yi ni ina da shi.

Laraba da sassafe na isa tasha cikin babbar riga, ina ƙamshin turare. Motar Kamba ba ta cika ba sai da rana ta take. Aka cusa mu huɗu a gaba, aka haɗa ni da wata Hajiya mai fataucin busasshen kifi, wadda ke ƙetara iyakar nan duk mako. Kafin mu kai Kalgo ƙarnin kifinta ya cinye turarena, kafin mu kai Bunza ta tatsi labarina kaf. Da na faɗi yadda Alhaji ya kwatanta ciwon, sai ta daina tauna goron da ke bakinta.

"Wuya ya ƙage cikin wanga zahi? Malam, sanƙarau na. Yaushe sunka kira ka?"

"Jiya."

"Jiya! Kai ko kana nan rungume da leda? Ɗauko waya ka ce musu su bar likita shi yi aikinai."

Raina ya ɓaci. Na ce mata irin wannan magana ba a yanke ta a waya, sai an ga majinyaci ido da ido, kuma kowane gida da yadda yake tafiyar da lamarinsa. Ta kalle ni ta kalli rigata, ta ce Allah ya ba shi lafiya.

Mun wuce Bunza kaɗan taya ta fashe. Aka sauko da safaya, ita ma a sace take. Direba ya ɗora tayar bisa wani babur ya koma gari, ya bar mu gindin wata tsamiya awa huɗu cur. A nan ne maganar Hajiya ta fara cina, na koma gefe na kira Alhaji Saini na tambayi jikin.

"Da sauƙi," ya ce. "Muna dai jiranka."

Ku duka kun san abin da "da sauƙi" take nufi a bakinmu. Ni da kaina na faɗe ta a kan mahaifinmu ana saura awa biyu ya cika. Amma ita nake son ji, na kuwa karɓe ta hannu biyu, na mayar da waya aljihu na ɓare rake.

Gab da magariba muka shiga Kamba. Na laluba aljihu don in shirya takarduna, sai na tuna katin shaidata na cikin 'yar sharar da nake aiki da ita, rataye a ƙusa a shago. Ban canja komai daga tsohuwar riga zuwa sabuwa ba sai waya. Bello, kai na kira ka ba direban safe ya taho mini da shi, ka yi ta dariya kana cewa ango ya manta sadaki. Wani tela a bakin tasha ya ji ni abokin sana'a ne ya ba ni teburin yankansa na kwana a kai, matarsa ta aiko da tuwon shinkafa da miyar kifi. Mutanen kirki ne. Sauron Kamba dai ba ya cikinsu.

Alhamis da hantsi katin ya iso, na kama hanyar Gaya. A shingen Nijar wani jandarma ya karɓi katin ya juya shi gaba da baya, ya kalli hoton ya kalle ni, ya rubuta sunana cikin wani babban littafi da irin nutsuwar da ban taɓa gani ba. Ba ya sauri, ba ya tsawa, ba kuma ya dariya. Sai wani mai farar riga ya nemi takardar rigakafi, wai lokacin ciwo ne. Ba ni da ita. Ya nuna mini wata rumfa, na shiga, na naɗe hannun babbar riga aka soka mini allura. Sai da na fito ina murza wurin na lura da abin da na yi. Na miƙa jikina ga baƙon da ban san ko sunansa ba, bai tambayi wana ba, bai tambayi kowa ba, don kawai a bar ni in wuce.

Daga Gaya kabu-kabu ya ɗauke ni zuwa gadar Kwara. Ruwa ya ja baya, masunta na tura jirage cikin yashi. A ɗaya gefen aka sake duba kati, 'yan kwastan, da can ake ce wa 'yan duwan, suka leƙa ledar kilishi suka maido mini, sai ga ni a Malanbil.

Tunda abin da kuka fi son ji ke nan, to ku ji. Gaskiya ne mata na tuƙa babur, har da goyo a baya, kuma ba mai juyowa ya kalle su. Masu kabu-kabu can zem ake ce musu, kowa da rigarsa mai lamba. Burodinsu dogo ne siriri mai tauri, a hammata ake ɗaukar sa kamar sanda. Ana gaishe ka da "fofo", kana buɗe baki a gane ka a juya Hausa, Hausar kuwa irin tamu ce sai dai an barbaɗa mata Faransanci. Albasa kuma sai wanda ya gani. An jera buhuna sun fi ɗaki tsayi, warinta ya kama garin har cikin masallaci. Na ga duk wannan ne ina bayan babur, ina gyara zaman hulata.

Alhaji Saini dattijo ne fari dogo mai sanyin magana. Ya tarbe ni a zaurensa kamar wani hakimi. Na ce mu tafi asibiti, ya ce haba, baƙo ba ya jin labari da ƙishi. Aka kawo ruwan sanyi, aka kawo fura, aka biyo da akasa, wani abu ne na masara kamar kafa mai ɗan tsami, da soyayyen kifi da miyar tattasai da cukun Fulanin can mai jan baya da suke kira wagashi. Na ci. Ina son ku san cewa na ci, har na ƙara. Sai da na wanke hannu na tambayi wane ɗaki aka kwantar da shi.

"Ai ba shi gidan likita," in ji Alhaji. "Kai kac ce kada a taɓa shi. Sun riga sun sa mishi ruwa ga hannu, za su hwara allurai, munka ce a dakata. Sunka ce ba su iya aje mutum su zura mishi ido. To amana ta, ba ni iya cin ta. Munka ɗauke shi munka kai shi Garu wurin surukanai, can ya hi iska."

"Tun yaushe?"

"Tun Talata da azahar."

Ban tuna yadda na fita zauren ba. Na dai san muna bisa zem biyu, ni da Alhaji, muna ratsa gonakin shinkafa da fadamun albasa, babbar rigata na kama ƙaya ina fizge ta. Mai babur ɗina yana ta ba ni labarin yadda Nuhu ya taɓa raba shi rigima da wani Bayarabe cikin harshe uku, yana cewa duk kasuwar ba mai kunnensa.

A Garu mahaifin Safura ya tare mu a ƙofar gida, tsohon masunci ne. Ya riƙe hannuna da nasa biyu, ya yi magana da Dandanci Alhaji na juya mini. Wai sun gode wa Allah da na iso. Wai wanzami ya zo da ƙahonsa sun hana shi, mai magani ya zo sun sallame shi, ba abin da ya shiga cikinsa sai ruwa da rubutu. "Ga amanarka yadda ka bar ta," in ji shi. Da alfahari ya faɗa.

An toshe tagar ɗakin da buhu. Da idona ya saba da duhun na ga Nuhu kwance a gefe, kansa ya lanƙwashe baya, ƙafafu a naɗe, leɓɓa sun tsattsage. Na durƙusa na kira sunansa, na sake kira, na kira shi da sunan da innarmu ke kiran sa. Idonsa a buɗe rabi, bai motsa ba.

Wata mace na durƙushe a bakin ƙofa ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ba ni gefe. Safura ce. Kun san matar ƙane ba ta kallon wan miji, ba ta kama sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Mu ma haka muke, amma nasu ya fi namu tsanani. Da Alhaji ta yi magana, cikin Hausa, a hankali.

"Alhaji, a ce ma Yaya har jiya da azahar in an kira shi shina amsawa. Daga la'asar yad daina."

Jiya da azahar ina gindin tsamiya ina shan rake.

Wata yarinya ta leƙo daga bayan uwarta, doguwa, ta kai shekara shida. Rigar da na kashe yinin Talata a kanta ko kanta ba za ta shiga ba. Tana nan cikin jakata har yau.

Motar ɗaukar albasa aka samu, muka shimfiɗa shi bisa buhunan wofi muka koma Malanbil. Likitan saurayi ne siriri, uwarsa Bahausa ce ta wani zango a kudu, don haka ba mu nemi tafinta ba. Ya kalli Nuhu, ya gane shi, ya kalli Alhaji, sannan ya kalle ni da rigata.

"Kai ne wan?"

"Ni ne."

"Ka iso ke nan."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Nan take aka ɗaura ruwa aka fara allurai, na dangwala hannu a takardar da suka miƙo ban ko tambayi me ke ciki ba. Daga baya suka naɗe shi kamar ɗan tayi suka ɗebi ruwan. Abin da na tayar da ƙasa biyu a kansa bai kai tsawon alwala ba. Likita ya ɗaga 'yar kwalbar ya nuna mini a haske, ya ce na mai lafiya garau yake kamar ruwan sama. Na Nuhu kamar an wanke shinkafa.

Kwana goma sha biyu muka yi. A can dangin majinyaci a harabar asibiti suke zama, kowa da murhunsa da tabarmarsa, in tukunyar wani ta nuna sai ya zuba wa maƙwabcinsa ko ba sa jin harshen juna. Alhaji ya ba ni ɗaki a gidansa, na ƙi, na shimfiɗa babbar rigar a baranda ta zama katifata.

Rana ta biyu na tare likitan na ce ya gaya mini me ke cin ƙanena. Ya aiki wata mata mai girki a harabar ta ba shi albasa, ya zauna kusa da ni a benci. Ya ce Allah bai bar ƙwaƙwalwa tsirara cikin ƙoƙon kai ba, riga uku ya sa mata. Ya ɓare busasshen ɓawon ya ce ta waje mai tauri ce, manne da ƙashi. Ta tsakiya kamar saƙar gizo take, ruwan da na gani a ƙarƙashinta yake gudana, daga kai har ƙarshen gadon baya, shi ya sa ake ɗibar sa a ƙasa inda ba abin da allura za ta taɓa. Sai ya sa farce ya zaro 'yar tantanin nan da ke tsakanin ɓawo da ɓawo, wadda ake ganin yatsa ta cikinta, ya ce ta ukun haka take, ta lafe a jikin ƙwaƙwalwar.

"A cikin rigunan nan akwai masu gadi," ya ce, "ƙanana ne, ido ba ya ganin su. Kowanne a jikinsa akwai wasu 'yan wurare da aikinsu kawai gane baƙo, kamar jandarman da ya duba katinka a hanya. Ƙwayar sanƙarau na taɓa su sai su gane ba 'yar gida ba ce, su yi kururuwa, mayaƙan da ke cikin jini su yi ta kwararowa. A hannu ko ƙafa wannan alheri ne, wuri ya kumbura ya sace. To ƙoƙon kai ba ya miƙewa. Faɗa ne ake yi a ɗaki ƙulle, kuma ɓarnar da faɗan ke yi takan kai ta ƙwayar, wani lokaci ta fi. Shi ya sa muke ba da magani biyu, mai kashe ƙwayar da mai kwantar da faɗan. Amma na biyun da wuri yake aiki."

Na tambaye shi Kawu Ladan. Ya ce bai ga kawuna ba, amma ya fi zaton ciwon da ya sa aka yi allurar ne ya kwantar da shi, ba allurar ba. Sannan na tambayi abin da ke damuna: da an bar shi ranar Talata fa?

"Ko ba ku yarda da ɗibar ruwan ba, da mun ci gaba da magani," ya ce. "Abin da aka ce mana shi ne kada a taɓa shi. Sauran kuma Allah ne masani." Ya miƙa mini albasar ya tashi.

Rana ta huɗu zazzaɓin ya sauka. Ta biyar Nuhu ya buɗe ido sosai, ya gane ni, ya ce "Yaya!" da wata irin murya mai ƙarfi har na gadon kusa ya firgita. Na yi hamdala, na yi kuka ban ji kunyar kowa ba. Ina ta yi masa magana yana murmushi yana kallon bakina. Can wata ma'aikaciya ta saki faranti na ƙarfe a bayansa, duk ɗakin muka zabura. Nuhu bai ko ƙifta ba.

Likita ya gwada shi ta dama ya gwada ta hagu. Ya ce daga inda ruwan nan yake akwai wata 'yar hanya da ke shiga can cikin kunne, faɗan ya bi ta nan, kuma abin da ya ƙone a wurin ba ya tohowa. Kunne biyun duka. Na ce a kai shi Kwatano, birninsu mafi girma, a kai shi ko'ina, zan sayar da keke da shago. Ya ce a gwada, ba ya hana mu, amma kada in ɗora wa matarsa dogon buri.

A ranar da yamma ina zaune a baranda ina latsa waya don in rasa abin yi, na ci karo da baƙuwar lambar nan ta Talata. Haushin duniya na cikina, na ce bari in samu wanda zan sauke wa. Na kira. Sai ƙara ta tashi daga can gefen murhu, daga ƙullin zanen Safura. Ta ciro wayar ta duba, ta kashe, ta ci gaba da fifita wuta. Ba ta ɗago ba.

Uwarta ce ta gaya wa Alhaji, shi kuma ya gaya mini. Ranar Talata Safura ta kama ƙafar gadon asibiti ta ce ba za a fitar da mijinta ba. Aka ce mata wansa ya yi magana, mace ba ta da ta cewa. Ta ɗauki lambata a wayar Nuhu ta kira don ta roƙe ni in janye. Sau uku tana jin muryata, sau uku bakinta na ƙin buɗewa, don ba a yi mata tarbiyyar magana da wan miji ba. A na ukun na zage ta.

Da aka sallame mu Nuhu ya riƙe hannuna a ƙofar asibiti, gaban Alhaji da surukansa da matarsa, ya yi magana da muryar nan tasa da ba ya jin tsayinta.

"Yaya, sun rubuta mini kai kaz zo kad ɗauko ni daga Garu, kas sa hannu anka yi mini magani. Ba don kai ba da na mutu. Allah shi saka maka. Na san ba ka yada ni ba."

Yana karanta ajami, da kwali da alƙalami ake yi masa magana yanzu. Ya miƙo mini su yana jira. Na karɓi alƙalamin, na rubuta "Allah ya ƙara sauƙi", na mayar masa.

Dawowa ba ta da labari. Na bar Malanbil bayan sallar asuba, na yi la'asar a shagona.

Nuhu ba ya dillanci yanzu. Alhaji ya ba shi aikin ɗinke bakin buhu a rumfa, yana zaune da basilla cikin hayaniyar kasuwar da a da shi ke juya ta. Wannan takarda ku na ba, shi ban ba shi ba, kuma ban san ranar da zan iya ba.

Duk Juma'a bayan an sauko masallaci yakan kira ni, kun sha ganin na tashi na shige cikin shago na ja labule. Ba ya jin ko na ɗauka, don haka Safura ke riƙe wayar a kunnenta, in na amsa ta gyaɗa masa kai, ya kara baki ya yi ta zuba. Ya ba ni labarin farashin albasa da karatun Rabi, ya yi mini addu'a, ya sake yi mini godiya. In ya gama sai ta mayar da wayar kunnenta don ta ji ko ina da saƙon da za ta rubuta masa. Kowane mako abu ɗaya nake faɗa. Nakan ce ni ne na hana, a yafe mini.

Sai in ji shiru, sai numfashi, sai a kashe.